Kare a Lambu da Cikin Gida: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai noman rani a Lamingo ya tambaya: "Na kawo ɗan kwikwiyo mai wata uku don gadin lambu. Yana tone mini komayen kabeji, ya kashe 'yan tsaki. In na dawo na tarar sai in zane shi, gobe kuma ya sake. Ina mafita?"

Malam, dukan nan asarar ƙarfi ne. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da yake yi a daidai lokacin, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka dawo da la'asar ka zane shi kan ɓarnar hantsi, abin da ya ɗauka kawai shi ne dawowarka masifa ce.

Ka sa masa igiya mai ɗan tsawo, ka zuba farfasasshen ƙuli-ƙuli a aljihu, ku tsaya nesa da inda kaji ke kiwo. Za ka ga ya kafa musu ido, kunnuwa a miƙe, jiki ya sandare. Nan ne wurin magana, kafin ya zabura. Ka ce "bari" sau ɗaya. Yana waiwayo ka, ka miƙa masa guntu. Minti 5 ya isa, sau biyu ko uku a rana, kafin ya ci abinci, kullum kana rage tazarar. Ran da ya kasa, kun matsa da yawa ne, ku koma baya. Idan ba ka nan a killace shi, domin duk kazar da ya kora ba mai tsawatarwa, shi ma darasi ne ya ɗauka. Mushen kaza kuwa a binne shi, kada a jefa masa. Tono ɗabi'arsu ce, musamman a ƙasa mai laima. Ɗan shinge ya fi faɗa sauƙi.

Wata mai kiwon kaji a Bukuru ta ce karensu ba ya amsa kira, kuma yana ɗafe baƙi yana ɓata musu tufafi.

Hajiya, ki fara da yaran gidan. Wannan ya ce "zo", wancan ya yi fito, wani ya kira shi da Turanci. A tsayar da kalma ɗaya, kowa ya riƙe ta. Kuma kada a kira shi don a hukunta shi; in ya zo, ko ya ɓata lokaci, a ba shi lada. Maganin ɗafe mutane shi ne "zauna": ki ɗaga abincin saman hancinsa, ki ja abincin baya kaɗan ta saman kansa, zai zauna da kansa, sai ki faɗi kalmar ki ba shi. In baƙo zai shigo, a sa masa igiya, ya zauna tukuna.

Akwai kuma mai tambayar ko a ɗaure shi da sarƙa dare da rana don ya yi zafi. Ban ba da wannan shawarar ba. Karen da bai saba da mutane tun yana ƙarami ba, tsoro ke sa shi cizo, kuma sau da yawa yaran gida da na maƙwabta ne ke kwana ciki. Haushi kake buƙata daga mai gadi, wannan kuwa ba sai an koya masa ba.

Kafin komai, a yi masa allurar haukan kare yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a ajiye takardar. Mu a Jos ba mu da uzuri, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa nan a Vom. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.