HP, Dell, Lenovo ko MacBook: wacce laftof ce kuɗin mutum ke fita a cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema, laftof nake son saya karo na farko, karatu zan yi da ita da ɗan aikin lissafi a Excel da shiga taro a Zoom, wani lokacin kuma nakan ɗan haɗa hotuna. Yayana ya ce HP kawai zan saya ita ce mai ƙarko, ƙawata ta ce a'a Dell, wani kuma ya ce in ba MacBook ba duk zubar da kuɗi ne. Kaina ya ɗaure wallahi. Wane kamfani ne ya fi inganci, wanne ne ya fi dacewa da kuɗinsa, kuma wanne ne in abu ya lalace za su saurari mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. To yayanki da ƙawarki kowa da gaskiyarsa, sai dai kowannensu labarin laftof guda ɗaya da ya taɓa riƙewa yake ba ki, ba labarin kamfanin ba. Sunan da ke jikin murfi ba shi ne ke nuna ƙarko ba, ajin da laftof ɗin ta fito daga ciki shi ne magana. Kamfanin da ya ƙera Corolla ai shi ya ƙera Land Cruiser, kuma ba wanda zai ce ƙarfinsu ɗaya don tambarinsu ɗaya ne.

Kowane babban kamfani yana da aji biyu, akwai na gida wanda ake yi don ya yi kyau a ido ya yi arha a kanti, akwai kuma na ma'aikatu wanda bankuna da ofisoshi ke saya da yawa lokaci guda su ba ma'aikata su yi ta jibgarsa shekara uku zuwa biyar. A HP na gida su ne irin su Pavilion da Envy, na aiki kuma ProBook da EliteBook. A Dell na gida Inspiron ne, na aiki Latitude, duk da a farkon 2025 sun sanar da canza sunayen zuwa Dell da Dell Pro da Dell Pro Max, amma tsofaffin sunayen su za ki fi gani a hannun mutane. Lenovo kuma IdeaPad ne na gida, ThinkPad na aiki. Kin ga kenan in wani ya ce miki "HP ɗina shekara bakwai ko tari ba ta taɓa yi ba", ki tambaye shi wacce HP, sau da yawa za ki ji EliteBook ce, wanda kuma yake tsinewa HP ɗin ƙarama ce ta roba ya saya mafi arha a layi. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba ma shi ne yawancin laftof ɗin duniya ba masu tambarin ne ke haɗa su da hannunsu ba, kwangila suke ba kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron, to bambancin yana zuwa ne daga nawa aka ce a kashe wa kowane samfuri, ba wai wani kamfani na da albarkar hannu da sauran ba su da ita ba.

Bari in nuna miki inda bambancin yake a zahiri, domin a hoto duk kyau gare su. Ki duba hinji, wato maƙalin nan da ke riƙe murfi da gangar jiki. A laftof mai arha sukurorin hinjin suna shiga ne cikin wasu 'yan ƙananan zobban tagulla da aka dasa a cikin roba, kullum kina buɗewa kina rufewa robar tana ɗan motsi, wata rana sai ki ji ƙas, kusurwar ta fara ɗagowa, bakin sikirin ɗin ya buɗe, in aka ci gaba da tilasta ta sai ta ja wayar sikirin ko ta fasa gilashin gaba ɗaya. Wannan ciwon ba na kamfani ɗaya ba ne, duk ajin masu arha suna fama da shi. A na ma'aikatu kuwa galibi sukurun a jikin ƙarfe yake kamawa, magnesiyam ko alminiyam, shi ya sa za ki ga laftof ta tsufa fentinta ya goge amma murfin na nan daram. Haka kibod, haka ramin caja, haka fanka.

Yanzu ɗaya bayan ɗaya, a yadda nake ganinsu.

Lenovo kamfanin Sin ne, shi ya sayi sashen kwamfuta na IBM a 2005, da haka ya gaji ThinkPad da IBM ta fara fitarwa tun 1992, kuma shekaru da dama kenan shi ke kan gaba a yawan kwamfutocin da ake sayarwa a duniya, HP na biye da shi sai Dell. In ki ka ce in zaɓi guda don mai yawan rubutu to ThinkPad zan nuna miki, musamman layin T, kibod ɗinta akwai daɗin dannawa, ga shi Lenovo na saka littafin gyaran samfuransa a intanet kyauta, mai gyara zai ga sukuru nawa ne da wanda za a fara kwancewa. Ba ta da kyan gani kam, baƙa ce ƙirin da ɗan jan maɓalli a tsakiyar kibod, masu son ado ba sa kallonta. Amma fa ki kula, ThinkPad E ita ce ƙaramar cikinsu, ba ta kai T ba, IdeaPad masu arha kuma ba su fi takwarorinsu na sauran kamfanoni da komai ba.

Dell da Michael Dell ya kafa a 1984 a Amurka, abin da ya fi burge ni da su shi ne tsarin bibiyar kaya. Kowace kwamfutarsu na da wata lamba mai haruffa da alƙaluma bakwai a ƙasanta, ki shigar da ita a shafinsu nan take za ki ga irin kayan da aka haɗa ta da su daga masana'anta da ranar da garantinta zai ƙare. Latitude kamar jaki take wajen aiki. XPS kuma kyakkyawa ce sikirin ɗinta na ɗaukar ido, sai dai siririya ce sosai, ramukan jona kaya kaɗan ne, kuma sababbin ƙananan an liƙe musu RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a jikin babban allon cikinta, ba a ƙarawa.

HP su ne tsofaffin hannu, tun 1939. Matsalarsu a wurina ita ce samfuransu sun yi yawa har sun rikita mai saye, tazarar da ke tsakanin mafi kyawunsu da mafi arharsu babba ce ƙwarai. EliteBook 840 ba ta da abin kushewa, kafaɗa da kafaɗa take da ThinkPad T da Latitude. Amfanin HP shi ne yawanta, abin da ya yi yawa a hannun mutane batirinsa da cajarsa da sikirinsa ba sa wahalar samu.

Acer da Asus duka 'yan Taiwan ne. Su kan ba ka kayan ciki masu ƙarfi a kuɗi kaɗan, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai kyau, RAM mai yawa, sai su rage a gangar jiki ko sifika ko hasken sikirin. In laftof ɗin a kan tebur za ta zauna ba yawo za ta riƙa yi a jaka ba, Acer Aspire ko Asus Vivobook ba laifi, Zenbook ma ta fi su kyan ƙira. Masu wasan gem ne suka fi sanin darajar ROG da TUF da Nitro, wannan ba layinki ba ne.

Sai MacBook. Gaskiya tun da Apple suka fito da nasu furosesa M1 a ƙarshen 2020 suka yi wa saura nisa a wajen riƙe caji da rashin zafi, MacBook Air ko fanka ba ta da ita, shiru kake ji. Ƙirar jikinta da sikirin da sifika duk sai sam barka. Amma mai cewa in ba ita ba zubar da kuɗi ne ya faɗi rabin zance. RAM da ma'ajiyarta duk a liƙe suke, yadda ki ka saye ta haka za ki rabu da ita, in 8GB ce to 8GB ce har abada, sai a ƙarshen 2024 ma suka mai da mafi ƙarancin ta Air 16GB. Gyaranta akwai tsada, kuma in makarantarku ko wurin aikinki na amfani da wata manhaja da sai a Windows take tafiya to kin shiga wahala, don masu furosesa M ba sa ɗaukar Windows kai tsaye yadda tsofaffin masu Intel ke yi. Kuma kada a ce miki Apple ba sa kuskure, kibod ɗin nan siririya da suka saka daga 2015 zuwa 2019 'yar ƙura kaɗan ke maƙale mata maɓalli, har sai da suka buɗe gyara kyauta, daga baya a 2022 suka amince su biya dala miliyan 50 a shari'ar da masu saye suka kai su a Amurka. In za ki sayi ta hannu ki guji na waɗannan shekarun.

Maganar kula da mai saye kuwa, a nan ne ake yaudarar mutane da kalmar garanti. Abin da aka saba shi ne shekara ɗaya, kuma lalacewar da ta fito daga masana'anta kawai ya ƙunsa, in ta faɗi ko shayi ya zube mata ba ruwansu sai in kin biya ƙarin kariya daban. Labaran da ki ke ji na cewa kamfani ya turo injiniya har ofis washegari gaskiya ne, amma na masu biyan tsari na musamman ne irin ProSupport na Dell ko Care Pack na HP ko Premier na Lenovo, kuma ba a kowace ƙasa ake yinsa ba. Apple sun yi suna wajen sauraron mutane, amma daɗin ya fi ga wanda ke kusa da kantinsu ko wakilin da suka amince da shi. Sannan garanti sau da yawa a ɗaure yake da yankin da aka sayar da kayan, laftof da aka yi don wata ƙasa aka tsallako da ita za ki iya kai ta wajen wakili ya ce ba ta cikin lissafinsa. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce, a inda nake wa zai gyara min, kuma ana samun kayanta? Ki tambayi mai sayarwa wannan kafin ki biya, ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin laftof ɗin, ki shigar da lambar a shafin kamfanin a gabansa ki ga ko garantin bai fara ƙirgawa ba tun watanni da suka wuce.

Game da kuɗi, araha ba ta ado. Sabuwa fil a kwali mai furosesa Celeron da RAM 4GB da ma'ajiyar eMMC mai nawa ita ce mafi munin ciniki a kasuwar laftof ko tambarin wa ke jikinta, Zoom da Excel da burauza kawai za ki buɗe ta fara nishi. Ga aikin da ki ka lissafa ki nemi furosesa Core i5 ko Ryzen 5, RAM 16GB in da hali, in babu to 8GB amma wadda ake iya ƙarawa, ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD aƙalla 256GB, sikirin IPS, wato wanda launinsa ba ya canzawa in an kalle shi ta gefe, mai 1920 da 1080, kar ki yarda da mai 1366 da 768 don yawancinsu ba IPS ba ne, in ki ka ɗan karkata kai launin hoto sai ya canza, ke kuma kin ce kina haɗa hotuna. Kar kuma a ruɗe ki da "ai i7 ce", ki tambayi zubi na nawa, wato generation ɗin furosesar, i5 na zubi na 12 ya fi i7 na zubi na 6 nesa ba kusa ba.

In kuɗinki bai kai na sabuwa mai kyau ba, ta hannu ta ajin ma'aikatu ta fi sabuwa ta ajin ƙasa, ni dai wannan shi ne ra'ayina kuma ba na ɓoye shi. Irin su ThinkPad T480 da Latitude 5490 da EliteBook 840 G5, duk na 2018 ne, kowacce na da gurbin RAM biyu, sukurori 'yan kaɗan za a kwance a ɗaga marfin ƙasa sai ga komai a fili, batir, SSD, fanka, duk ana canzawa. Kar ki sauka ƙasa da su, saboda Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 yake farawa, to masu zubi na 8 a cikin waɗannan a bakin iyaka suke, in kin samu wadda ta fi su sabunta ya fi.

A wajen saye kuma kar ki ji kunyar ɓata wa mai kaya lokaci. Ki buɗe murfin ki rufe a hankali ki saurara, ki danna kowane maɓalli, ki gwada kamara da makirfo tunda Zoom za ki yi, ki buɗe farin shafi ki duba ko akwai tabo a sikirin. A Windows in aka rubuta powercfg /batteryreport a wajen ba da umarni, wato Command Prompt, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage yanzu, in ya sauka kusan rabi to ki sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Ki sa a shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gabanki a ga ba kalmar sirri a kai, domin tsofaffin kwamfutocin ofis wani lokacin da makullin ma'aikatarsu suke fitowa. In kuma MacBook ce ta hannu, mai ita ya fita daga iCloud ɗinsa ya goge ta, ke ki kunna ta da kanki ki shiga da naki asusun kafin kuɗi ya bar hannunki.