Za a canja manhajar wifi ɗin jami'a, wayata za ta ci gaba da kamawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗaliba ce a nan Zinder, an liƙa mana sanarwa wai Asabar da Lahadi za a yanke wifi ɗin makaranta don za su ɗora sabuwar manhajar da ke kula da reso ɗin, to wasu na cewa tsofaffin wayoyi sun gama kamawa kenan, wasu kuma na murna wai gudu zai ƙaru. Ni da wifi ɗin nan nake sauke darussa don kuɗin forfe ba kullum ake da su ba. Dan Allah mene ne gaskiya?
Wata ɗaliba, Garin Malam

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, aikin nan alheri ne in an yi shi da tsari.

Kin ga fararen akwatunan nan da ke manne a silin anfi da laburare, masu ɗan fitila kore ko shuɗi? Ba su ke yanke wa kansu shawara ba, akwai na'ura guda a ɗakin ƴan informatik da ke jan ragamarsu duka, ita ke cewa wannan ya hau layi kaza wancan ya rage ƙarfi, ita ke duba sunanki da kod ɗinki, kuma ita ke miƙa wayarki daga akwati zuwa akwati in kina tafiya ba tare da reso ya tsinke ba. Manhajar cikinta ce za a sabunta, in an gama sai ta tura wa kowane akwati tasa sabuwar manhajar, ya mutu ya tashi, shi ya sa dole a yanke.

Babban dalilin kuwa tsaro ne. Makullin da aka fi amfani da shi, WPA2, tun 2004 yake, a 2017 wani mai bincike a Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya nuna ɓarakar da ke cikinsa wadda aka sa wa suna KRACK, sai a 2018 aka fito da sabon makulli, WPA3. Kamfanoni kuma in manhaja ta tsufa daina aiko mata gyara suke, to reso ɗin da ɗalibai ke shigar da kod ɗinsu kullum wallahi bai kamata a bar shi haka ba.

Batun wayarki, in Android 10 ce ko sama, ko iPhone mai iOS 13 zuwa sama, galibi sun san WPA3. In ta girmi haka ma ba a rufe ƙofa ba, akwai tsarin da ke barin WPA2 da WPA3 su yi aiki tare a suna ɗaya, ku sa wakilan ɗalibai su roƙi a bar shi a kunne. Ranar Litinin in ta ƙi kamawa ki shiga wajen wifi ki danna sunan reso ɗin ki zaɓi Oublier, wato wayar ta manta da shi, sannan ki sake shiga kamar sabuwa, sau da yawa iyakarta kenan. Kuma ki kula, in kin ga wani reso mai kama da sunan na makaranta a buɗe ba makulli kar ki zuba masa kod ɗinki, ki tambayi ofishin tukuna.

Masu murnar gudu kuma su ɗan rage. E cunkoso zai iya sauƙi, don wifi yana da manyan hanyoyi, 2.4 GHz da 5 GHz, a 2.4 GHz layi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, manhaja mai kyau takan kora wayoyin da za su iya zuwa 5 GHz inda akwai fili. Amma kamar layin pompo ne lokacin zafi a Damagaram, in an samu mai tsara layi nagari rigima za ta ragu, ruwan da ke zuwa a tiyo dai bai ƙaru ba. Yawan intanet ɗin da jami'a ta saya shi ne shi, in ba a ƙara ba, ƙarfe goma na safe da kowa ya hau za ki ji nauyin nan.

Su kuma masu aikin, in suna karanta mu, dan Allah a adana tsohon tsari a gefe kafin a taɓa komai, a duba ko sabuwar manhajar ta yarda da tsofaffin akwatunan don wasu sabbin ba sa karɓarsu, a fara gwadawa a gini ɗaya. Sannan batun kuran, wato wutar lantarki, akwatin da wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar karɓar sabon abu zai iya ƙin tashi, sai an sa tsani an sauko da shi, a tabbatar ondiler, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, da gurup, wato janareta, suna tsaye.

Ke dai ki sauke duk darussan da kike buƙata tun ranar Juma'a kafin ki bar makaranta, don irin wannan aikin yakan zarce lokacin da aka rubuta a sanarwa.