Wasiyyi, Wakili da Gadon Gida

Wata baiwar Allah daga Tudun Wadan Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce mahaifinsu ya rasu, kuma kafin rasuwarsa ya kira ƙanensa gaban shaidu ya damƙa masa al'amarin dukiyarsa da ƙananan 'ya'yansa. A gida ana ta kiran baffan nasu wakili, sai liman ya ce a'a, wasiyyi ne. Wane ne da gaskiya, kuma mene ne aikinsa?

Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku. Liman ne da gaskiya. Wakili na mai rai ne, yana saye da sayarwa da sunan wanda ya wakilta shi, ranar da mai shi ya cika kuwa wakilci ya ƙare. Wasiyyi a ranar ne nasa aikin ke farawa. Kalmar Larabci ce, tushenta ɗaya da wasiyya, wato sallahun da mutum ya bari a zartar bayan ransa. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan birnin nan, idan baffanku ya karɓa tun yayansa na da rai, to bayan rasuwa ba shi da damar cewa ya fasa.

Abin da mamaci ya bari shi malamai ke kira tarika, kuma tarika ba ta zama gado sai an tace ta. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da binnewa. Sai bashi. Kin dai ji yadda wani dattijo kan miƙe a wajen jana'iza ya ce duk wanda yake bin marigayi, ko marigayi yake bi, ya zo ya samu iyali. Wannan sanarwa aikin wasiyyi ce, amma ba ta wadatar ba. Sai ya buɗe littafin shago ya bi shafi-shafi, ya tambayi uwar adashi, ya binciki gonar da aka karɓa jingina da kayan mutane da ke ajiye a ɗaki. Har ragowar sadakin mahaifiyarku, in ba a cika mata ba, bashi ne, kuma a nan ne na ga an fi yin shiru don kunya. Da Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, nufinsa babu wanda ya fi ƙarfin cin bashi, don haka kada iyali su ɗauka tonon asiri ne in mai bin Alhaji ya yi sallama.

Bayan bashi sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa mai gado sai in sauran magada sun yarda. A ce bayan biyan bashi naira 900,000 ta rage. Iyakar abin da wasiyya za ta ci 300,000 ne. A cikin 600,000 da ta saura, matar mamaci mai 'ya'ya tana da 75,000, shi ne tumunin takaba da kike ji, wato kashi ɗaya cikin takwas. In su huɗu ne, wannan tumunin dai za su raba. Rabon yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Kason yara ƙanana yana hannun wasiyyi, ya ciyar da su daga ciki, in sun mallaki hankalin kansu ya miƙa musu gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta ce. Ni dai ban ga hujjar yanka sa daga kuɗin marayu don sadakar arba'in ba, wanda yake son ladan ya sa hannu a aljihunsa.

Wani ɗalibi daga Samaru kuma yana neman ma'anar "gadon gida alala ga raggo", ya ce ko gadon kwanciya ake nufi, tunda raggo da barci ba sa rabuwa.

Ɗan'uwa, rubutun boko ne ya ruɗe ka, don bai nuna tsawon wasali ba. Gadon kwanciya "ga" ɗinsa gajere ne, wannan kuwa ja ake yi, na gadar abin da mamaci ya bari ne, inda aka samo magaji da magajiya. Daga nan sarautar Magajin Gari ta fito, wadda Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli ya riƙe kafin ya zama Sarkin Zazzau a 2020. Kuma gadon karin maganar ya wuce kuɗi da gona, ya haɗa da sana'ar gida, ƙira ko jima ko malanta, da ɗawainiyar dangi da uba ya saba ɗauka. Ɗan da ba ya iya tashi da asuba ya hura zuga, maƙerar ubansa alala ce gare shi, wato wahala da nauyin da ya rataya a wuyansa ya rasa yadda zai sauke.