Amsa ga ɗan ƙanena kan Bash da Perl da Python

Ɗana, saƙonka ya iso bayan isha'i. Wai shin al'ada ce sai mai koyon harsunan rubuta shirin kwamfuta ya fara da Bash da Perl kafin ya taɓa Python, ko mu tsofaffi ne ke son wahalar da yara? Na yi murmushi, amma hankalina bai kwanta ba, don ba ka faɗi aikin da za ka yi da su ba.

A 1999 ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin kwamfuta na wata masaƙa a Kakuri. Ƙarshen wata ne, ga hunturu, ƙura har sai mun lulluɓe na'urori da zane. Maigidana ya tafi ta'aziyya ƙauyensu, ya bar mini ɗan shirin Perl mai tattara awannin aikin ma'aikata don lissafin albashi. Ranar nan shirin ya ƙi. Na buɗe shi, layi bai kai ashirin ba, amma alamomi cunkus kamar tururuwa ta bi ta tawada. Na kwana a kansa, janareto na ruri, shayi ya huce a kofi, ina tuna magidantan da za su yi layi da safe. Sai da aka kira assalatu na gano waƙafi ɗaya ne ya shiga cikin wani suna.

Da maigidana ya dawo, sai ya zauna ya rubuta bayani a saman kowane layi. Ya ce haka nasa malamin ke cewa: rijiyar da ka haƙa wani ne zai sha, ka bar masa guga.

Perl ba ta da laifi. Larry Wall ya fitar da ita a 1987 don tace rubutu, kuma ta iya. Bash, ta 1989, da ita nake sauya sunan fayiloli da kwafe ajiya kowane dare. In aiki ya wuce shafi ɗaya sai in koma Python, wadda Guido van Rossum ya fitar a 1991, don ko bayan shekara ana karanta ta. Ka dai guji tsofaffin littattafan Python 2, an daina kula da ita tun 2020.

Abin da ke damuna, ku yanzu sai ku kwafo daga intanet ku liƙa, ba ku karanta ba. Mu sai ka bayyana layi da bakinka kafin a bar ka ka danna.

Ka zo Tudun Wada ranar Juma'a bayan masallaci, da kwamfutarka da aikin da ke gabanka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.