Likita ɗiyana ba su kwana sai tsakar dare, in ci gaba da ba su piriton?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da shawara kuma a sakaya sunana. Ina zaune Mabera, ɗiyana biyu, babban shekara 4 ƙaramar shekara ɗaya da wata bakwai. Wallahi yaran nan ba su kwana sai sha biyu wani lokaci har ɗayan dare, ga shi ina koyarwa a firamare, tun asuba nike tashi, na gaji har kuka nike yi ni kaɗai. Maƙwabciyata tac ce in riƙa ba su rabin cokali na piriton bayan isha, haka take ba nata. Na gwada kwana huɗu kuma sun kwanta, amma jiya da safe da ƙyar na tada ƙaramar, tun sannan gabana ke faɗuwa. Cokali nawa ne ba ya illa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, sannu da fama, Allah Ya raya miki su. Gajiyar da kika faɗa gaskiya ce, babu wanda zai ga laifinki don kin nemi mafita. Amma cokalin da kike tambaya babu shi, ko ɗigo kada ki ƙara ba su, daga daren yau. Kuma in ƙaramar har yanzu jikinta a sake yake, ko ba ta karɓar nono da abinci kamar da, ko numfashinta ya canza, ko akwai zazzaɓi, ki ajiye karatun nan ki ɗauke ta zuwa asibiti, ki tafi da kwalbar a hannu don a ga abin da ta sha.

Piriton maganin borin jini ne da ƙaiƙayi da atishawa irin ta alaji (wato in jiki bai jitu da wani abu ba), barcin da yake sawa illarsa ce da aka rubuta a jikin takarda, ba aikinsa ba ne. Wato kina ba yaro mai lafiya magani don ki samu illar maganin. Abin da kika gani da safen nan shi ne ragowar maganin bai gama fita daga jikinta ba. Yana busar da baki, yana rage gumi, mu kuma a Sakkwato muke, inda Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, yarinya kwance a ɗaki babu wuta babu fanka jikinta ya kasa fitar da gumi yadda ya kamata, ki auna da kanki. Wasu yaran ma juya musu yake yi, maimakon barci sai su birkice da kuka da fizge-fizge, uwa ta ce ai bai isa ba ta ƙara cokali, kuma cokalin ma na cin shinkafa ne ba na awo ba. Wata kuma tana ba yaro sirof ɗin mura wanda tuni akwai irin wannan sinadarin a ciki, ta ɗora piriton a kai, ya zama ninki biyu ba ta sani ba.

Da a piriton abin ya tsaya da da sauƙi. Kullum sai na ji uwa ta ce mai kemis ya haɗa mata "na kwana", in ka karɓi ledar ka duba sai ka ga fenagan, wanda an hana ba yaro ƙasa da shekara 2 gaba ɗaya saboda yana iya danne numfashi yaro ya tafi cikin barcinsa, na taɓa ganin har diazepam, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci mai ƙarfi, an ce ta murƙushe rabi ta zuba a kunu. Mutumin da ya haɗa maganin nan bai tambayi nauyin yaro ba, bai tambayi shekarunsa ba, bai ma ga yaron ba, leda kawai ya ƙulla ya karɓi kuɗinsa. Mafi yawan masu shagunan nan lasisinsu bai ba su damar sayar da irin waɗannan ƙwayoyi ba, kowa ya sani, amma sai an yi asarar rai sannan za ka ga an fito da mota ana rufe shaguna na kwana biyu. Sirof mai kodin gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018, dama can bai halatta a ba yaro ƙasa da shekara 12 ba, amma har gobe akwai mai zaro shi daga ƙarƙashin kanta. Kuma ko ba komai ai ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙori da ya gurɓata a 2008 ya kashe yara 84 a ƙasar nan, sannan a 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya saboda gurɓataccen sirof. Waɗancan iyayen ma ciwo suke yi wa magani. To ke da ɗiyanki lafiyarsu lau, don me za ki riƙa buɗe musu kwalba kowane dare?

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wannan. Yawan barci da wuyar tashi na daga cikin alamun da muke gane cewa maleriya ta hau kai, ko sukarin jini ya faɗi, ko sanƙarau ne. Uwar da ta saba ɗanta ya sha magani ya yi lamo, ranar da ciwon gaske ya zo ba za ta bambance ba. Na karɓi wani yaro da daddare cikin damina, an goyo shi kansa na lilo a bayan uwar, na ce tun yaushe yake haka ta ce "ai barci yake likita, na ba shi maganinshi tun hantsi", ga jiki kamar garwashi. Gwaji ya nuna maleriya. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma yini guda aka ɓata ana cewa barci yake, kuma ni kaina na sha wuya kafin in rarrabe wanne ne aikin ciwo wanne ne aikin kwalba. Ki gaya wa maƙwabciyarki wannan cikin mutunci, ba mugunta ta yi miki ba, ita ma wani ne ya gaya mata.

To me za ki yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana a ciki. Ki lura da "har da na rana". Ki bincika wajen mai riƙe miki su in kin tafi makaranta, ina kyautata zaton suna kwana daga azahar har kusan magariba, yaron da ya farka ƙarfe shida na yamma kuwa babu abin da zai kwantar da shi ƙarfe tara. A tashe su kafin la'asar, kuma a tashe su da safe lokaci ɗaya kullum har ranar da babu makaranta. Kada ki ce daga sha biyu za ki koma takwas dare ɗaya, ki riƙa jawo lokacin baya da minti 20 duk bayan kwana biyu ko uku.

Sauran kuwa jeri ne, abu ɗaya bayan ɗaya kowane dare ba canji. Da an kira magariba a shigo da su, su ci tuwonsu a lokacin kada a jira bayan isha, ban da shayin lipton da lemon kwalba mai kola, ki watsa musu ruwa saboda zafi, ki karɓe waya daga hannun babban awa guda kafin kwanciya, ki saukar da gidan sauro ko a tsakar gida kuke kwana, ki rage haske, ki yi musu tatsuniya guda ɗaya ta Gizo da Ƙoƙi, ki tofa musu ƙulhuwallahu da falaƙi da nasi ki shafe su, shi ke nan. Ki bar "dodo zai kama ka", yaron da aka tsorata da duhu ba zai yarda ya rufe ido a cikinsa ba. Daren farko da na biyu za su yi miki bori fiye da da, ballantana yanzu da za ki janye maganin, ki daure sati biyu. In duk da haka suna farkawa da kuka, ki duba ko ana susar dubura da dare don tsutsar ciki ce ke sa haka, ko ƙazwa, ko jan kunne, ko babban yana minshari da baki buɗe, waɗannan asibiti ake kawowa.

Sai maigida, don ban ji kin ambace shi ba ko sau ɗaya. Gidajenmu da yawa uwa ta gama lallashi yara sun fara lumshe ido, sai ƙarfe sha ɗaya baba ya dawo daga majalisa da ledar tsire yana "ina Abba, ina Ummi", ko nepa su kawo wuta ƙarfe goma a kunna talabijin gida ya koma rana tsaka. Malam, in kana son wasa da ɗiyanka ka dawo tsakanin magariba da isha ka zauna da su, ka karɓi babban ka yi masa addu'ar kwana da bakinka ita ta ji da ƙaramar, Manzon Allah (SAW) da kansa yake nema wa Hasan da Husaini tsari. Matarka tana kuka ita kaɗai don gajiya har ta kai ga kwalbar kemis, kai ma za a tambaye ka. Ƴar'uwa ki nuna masa wannan amsar ya karanta, sannan ki sake rubuto min bayan sati biyu ki gaya min ƙarfe nawa suke tashi daga barcin rana.