Hukuncin Cin Kunamar Ruwa Da Manyan Kifayen Kogi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wata halitta mai faɗi kamar faifai da aka kamo a kogi, maza da yawa sun kewaye ta suna tallabe, ga doguwar wutsiya mai ƙaya. An ce wai kifi ce. Shin irin wannan tana ciyuwa a Musulunci? Kuma da suka mayar da ita ruwa, ba almubazzaranci ba ne a saki nama mai yawa haka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abin da ka siffanta, ɗan'uwa, kunamar ruwa ce, babbar. Mai yiwuwa wadda ka gani ita ce aka kama a kogin Mekong, a lardin Stung Treng na ƙasar Kambodiya, a watan Yunin 2022. Nauyinta kilo 300, tsawonta da wutsiya kusan mita 4. Kafin ita, kifin kogi mafi nauyi da aka auna shi ne wani ƙaton dangin tarwaɗa mai kilo 293 da aka kama a arewacin Tailan a 2005.

Namanta halal ne. Allah Ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta mana farautar teku da abincinsa. Kada ka ce ai wannan kogi ne, domin a Suratu Faɗir aya ta 12 Ya ambaci ruwa biyu, mai daɗi da mai zartsi, Ya ce daga kowannensu kuna cin nama ɗanye. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce game da teku: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Imamu Malik ya ruwaito shi a Muwaɗɗa daga Abu Huraira. Don haka Malikiyya suka halatta duk dabbar ruwa ba tare da yanka ba. Hanafiyya sun taƙaita a kan kifi kaɗai, amma wannan ma ai kifi ce, a ruwa take numfashi, a tudu take mutuwa.

Girma ko munin siffa ba sa haramta komai. Jabir ya ba da labarin rundunar Abu Ubaida, mutum 300, yunwa ta kai su ga cin ganye, sai teku ya jefo musu dabbar da ake kira anbar. A ruwayar Muslim sun yi wata guda suna ci har suka yi ƙiba, Abu Ubaida ya zaunar da mutum 13 a cikin ramin idonta. Da suka dawo Madina, Annabi (SAW) ya ce arziki ne Allah Ya fitar musu, ya nemi saura, ya ci. Dafin kunamar ruwa kuwa a ƙayar wutsiya yake. Sai a yanke a jefar, kuma masunci ya kiyayi saranta, don tana huda nama sosai.

Sakinta da suka yi fa? Nan ne na fi son ka tsaya. Halaccin nama daban, halaccin farauta a kowane hali daban. Wannan halitta tana daf da ƙarewa saboda yawan kamu, da madatsun ruwa, da gurɓatar koguna. Ba ta zuba dubban ƙwai, haihuwa take yi, 'ya'ya kaɗan. In aka kashe uwa ɗaya mai wannan girman, an yi ɓarnar da za a daɗe ba a maye gurbinta ba. Allah Ya zargi mai halaka shuka da zuriya a Baƙara aya ta 205. Annabi (SAW) ma ya ce da ba don karnuka al'umma ce daga cikin al'ummomi ba, da ya yi umarni a kashe su, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Kare ke nan, ina ga dabbar da ba ta cutar da kowa sai an taka ta?

Saboda haka, inda hukuma ta hana kama irin waɗannan kifaye don kada su ƙare, bin ta wajibi ne, mai saɓawa ya yi laifi ko da naman bai zama haram ba. Inda babu hani, in ta faɗa koma da rai kuma masunci ba ya cikin lalura, sakinta ya fi. In ta riga ta mutu, a ci, kada a bari ta ruɓe. Kashe ta don a ɗauki hoto kawai bai halatta ba. Waɗancan mutanen sun maƙala mata na'urar bibiya suka sake ta, ba su yi almubazzaranci ba.

Wallahu a'alam.