Baba ya ajiye na'urar ji a aljihun tebur, yaya zan yi ya saba da ita?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ya haura shekara 70, jinsa ya ragu sosai. Mun haɗa kuɗi mun saya masa na'urar ji, amma bayan mako guda ya ajiye ta. Ya ce ƙarar kwanuka da janareto na damunsa, muryarsa ma tana yi masa amo a ka. Yanzu sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure yake sawa. Ko na'urar ce ba ta da kyau?

Amsa: Allah ya saka miki da alheri, Malama, ya ƙara wa Baba lafiya. Da wuya a ce na'urar ce ta lalace. Abin da kika lissafa shi ne koken kusan duk wanda ya fara sa ta.

Raguwar ji ta tsufa a hankali take zuwa, shekara da shekaru, kuma siraran sautuka take fara ɗaukewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Shi ya sa tsoho zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta. Duk tsawon lokacin nan ƙwaƙwalwar Baba ta saba da shiru, ta daina aikin tace hayaniya. Rana ɗaya aka dawo mata da motsin takalmi da kukan kaji da ƙarar fanka. Kamar wanda ya daɗe a ɗaki mai duhu ne aka fito da shi tsakar rana. Ƙwaƙwalwa tana sake koyon wannan aiki, amma sai ana ba ta sauti kullum, kuma yakan ɗauki makonni, wani ma har wata 3 ko 4.

A nan ne tsarin da Baba ya ɗauka yake cutar da shi. Masallacin Juma'a da taron ɗaurin aure, ga lasifika ga jama'a kowa na magana, su ne wurare mafi wuya ko ga wanda ya shekara da na'ura. Idan can kaɗai yake sa ta, kullum wahalarta zai sha, ba zai taɓa ɗanɗana daɗinta ba. Ya fara daga gida. Awa 2 ko 3 da safe, lokacin da gida ya yi tsit, ki zauna gabansa yana ganin fuskarki kuna hira. Kada ki ɗaga murya, ki dai yi magana a natse. Ya saurari labaran rediyo, ya yi karatun Alƙur'ani a bayyane, domin ta haka zai saba da muryarsa. Amon nan yana faruwa ne saboda an toshe ramin kunne, kuma yana raguwa. A ƙara awa ɗaya duk bayan kwana biyu har ya kai yana wuni da ita. Kasuwa da taro su zo daga baya.

Akwai abin da haƙuri ba ya gyarawa. Idan ƙara tana yi masa zafi a kunne, ko roban na'urar da ke shiga kunne yana goge masa fata, ko na'urar tana yawan fito, a koma wurin wanda ya saita ta. Saiti na biyu da na uku cikin aikin yake. Fiton kan zo ne daga dattin kunne, ko roban bai zauna daidai ba, ko hula da rawani sun danne ta. Ina fata an yi masa gwajin ji kafin a saya. Idan a kanti aka ɗauko ta haka kawai, ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna shi a saita ta daidai da jinsa.

Ya riƙa cire ta kafin alwala da wanka, ya tsane kunne sannan ya mayar. Da dare a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe ƙofar batirin don danshi ya fita, musamman da damina. Batiran kuma a yi nesa da su daga jikoki, haɗiye su haɗari ne babba.

Ki ba shi wata guda a kan wannan tsari. Idan bayan nan har yanzu bai gane maganarki a ɗaki mai shiru ba, ki kai shi a sake auna shi.